Gashi a Idon Sawun Mala'ika

Alhamis, 3 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Yau an kore mu daga gidan tarihi. Ni Nedda, da shekaruna saba'in da ɗaya, mai gadi ya rako ni har bakin ƙofa kamar wadda ta saci cokalin mutane. Bari in rubuta yadda aka yi tun kafin 'yata Fiorenza ta ji ta gyara labarin.

Mun hau jirgin ƙasa na tara da kwata kamar kowace Alhamis, muka canja a Viareggio, muka sauka Lucca. Shekara huɗu ke nan muna wannan zirga-zirgar, tun da hannun mijina Oreste ya daina riƙe guduma. Ƙaramin gidan nan na bayan kasuwa muke zuwa, ɗaki uku, mutum-mutumi goma sha biyu, da ƙyar a ga baƙo biyar a yini. A gidanmu mijina sai ya tsaya tsakar falo yana neman banɗaki. A can kuwa ƙafarsa ta san hanya. Kai tsaye yake wucewa ɗaki na uku, gaban mala'ikan farin dutse mai riƙe da fitila, wanda wani da ba a san sunansa ba ya sassaƙa shekara ɗari biyar da suka wuce. Yakan zauna a benci ya kalle shi har cikina ya fara kukan yunwa.

Yau bai zauna ba. Ya daɗe yana kallon ƙafafun, kafin in ankara ya tsallake igiya, ya durƙusa, ya ƙwanƙwasa idon sawun dama da zoben aurenmu. Ya kasa kunne. Ya koma na hagu, wanda duk nauyin yake kansa, ya ƙwanƙwasa sau uku.

Duk wanda ya tashi a Pietrasanta, garinmu na masu sassaƙa dutse, ya san wannan. Lafiyayyen dutse yana amsa ka da ƙara kamar ƙararrawa. Mai ɓoyayyen tsagu a ciki, wanda muke ce wa gashi, muryarsa a dishe take.

Mai gadin, Baldo aka rubuta a ƙirjinsa, ya taho da gudu har makullansa na zuba.

"Sinyora! Sinyora, riƙe shi mana! Kai dattijo, daga wane dajin ka fito? Nan ba a taɓa komai!"

"Daga inda aka haƙo dutsen nan ya fito," na ce. "Yana taɓa irinsa tun kana tsotson yatsa."

"To ya je can ya taɓa. Ku fita, don Allah, kada ku jawo mini."

Oreste ya ɗago ya dube shi, ya ce, "Gashi." Kalma ɗaya. Rabon da in ji muryarsa tun ran Lahadi.

Baldo ya shafa sanƙonsa, ya zaci zaginsa aka yi. Da ba a fusace nake ba da na yi dariya.

Juma'a, 4 ga Oktoba, da safe

Ya ci burodinsa da madara. Ya kira ni Sinyora, ya yi mini godiya kamar baƙon kirki. Tun bikin Ista bai kira sunana ba. Ba komai, na saba.

Lahadi, 6 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Fiorenza ta zo cin rana, kuma ta riga ta ji. Ƙawarta ce ke sayar da tikiti a can, ni ban ma sani ba. Tun kafin in sauke taliya ta fara.

"Mama, yanzu kin gani da idonki? Yau igiya ya tsallake, gobe titin jirgi ne."

"Babanki bai tsallake don hauka ba. Abu ya ji."

"Me ya ji? Mutumin da jiya ya sa takalminsa a firji?"

"Takalmi ba sana'arsa ba ce."

Ta ajiye cokali. Ta ce sistocin gidan tsofaffin nan na hanyar Camaiore sun riƙe masa gado har huɗu ga Nuwamba, in ya wuce an ba wani. Ɗaki mai taga, in ji ta, yana kallon itatuwan zaitun. Na ce itatuwan zaitun ba su san yadda yake son kofinsa ba.

Sai ta sassauta murya, abin da na fi tsana ke nan. "Mama, kin san ba don shi kaɗai nake faɗa ba." Ta kalli kwanon sukari. Takardar tana ƙarƙashinsa, na san ta san tana nan. Na tashi na ɗauko cuku.

Duk wannan yana zaune tsakaninmu yana jera ɓawon burodi a gefen faranti, ƙarami zuwa babba. Ba zai tafi ba.

Talata, 8 ga Oktoba, ƙarfe biyu

Na je inda nake zuwa ran Talata. Sun ce abin da suka ce wancan makon, sai dai yau da fuska a ɗaure. Na ce zan yi tunani.

Alhamis, 10 ga Oktoba, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Mun koma. Me ya hana? Ba su rubuta sunanmu a bango ba.

Baldo ya tare ƙofar ɗaki na uku da tumbinsa. "Sinyora, ke ma kin san..."

"Na san me? Ga tikitinmu. Hannunsa yana cikin nawa. In ya taɓa wani abu ka kira 'yan sanda su tafi da ni, dama na gaji da girki."

Ya matsa, yana bin mu a baya kamar kaza mai 'ya'ya. A nan na ga takardar da aka liƙa a gefen ƙofa. Za a ba da aron mala'ikan ga wani babban baje koli a ƙasar waje, wata shida. Ran Litinin ashirin da takwas ga wata za a ɗaga shi.

Shekara talatin ina goge aikin Oreste a shago, na ga abin da ke faruwa in aka ɗaga dutse mai gashi a ƙafa. Ba ya ba da sanarwa. Igiya tana ɗaukar nauyin, sai a ji ƙas, jikin yana sama ƙafar tana ƙasa.

Oreste ya zauna a benci, amma idonsa bai bar sawun hagu ba. Yatsansa mai zobe yana ta ƙwanƙwasa gwiwarsa. A jirgi ma bai daina ba.

Juma'a, 11 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Na rubuta wa shugaban gidan wasiƙa, da hannuna, a kan takarda mai kyau. Na gaya masa ko wane ne Oreste Lenzoni, da coci nawa ne ke tsaye da aikinsa daga nan har Genova. Ban ce masa komai game da takalmi a firji ba, ba huruminsa ba ne.

In ya tabbata akwai gashin, Fiorenza ba za ta sake kallona da wannan idon ba. Mutumin da kunnensa ya ji abin da masu digiri ba su ji ba, ba a kai shi inda za a riƙa yi masa magana kamar jariri.

Litinin, 14 ga Oktoba, da azahar

Shiru.

Talata, 15 ga Oktoba, ƙarfe uku

Na buga musu waya. Wata yarinya mai zaƙin murya ta ce shugaba ya ga wasiƙar, ya gode ƙwarai, kuma ƙwararru sun duba komai. Na ce da me suka duba? Ta ce da ido da hotuna. Na ce gashi ba ya tsayawa a ɗauke shi hoto. Ta ce in yini lafiya.

Na makara a ɗaya wurin saboda wayar. Sun yi mini faɗa kamar 'yar makaranta. Suna son in sa hannu kafin ƙarshen wata. Mako uku, in ji su, wataƙila huɗu, kuma ba ɗaukar ko tukunya bayan nan. Na ce wa zai yi masa aski? Likitar ta ce ba wannan ne abin tambaya ba. A wurinta ke nan.

Hawan benen nan namu ya fara yi mini tsawo. Na tsaya sau biyu, na yi kamar ina duba akwatin wasiƙu.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da yamma

Ruwa tun asuba, ba mu je ba. Ya sa hularsa da rigar sanyi ya tsaya a bakin ƙofa tun ƙarfe takwas. Bai san watan da muke ciki ba, amma ya san Alhamis. Na yi ta lallashi har na yi masa tsawa, abin da ban taɓa yi ba. Ya cire hular ya miƙo mini, ya ce, "Yi haƙuri, Sinyora."

Na shiga kicin na yi kuka na minti biyar, na wanke fuska, na dafa miyar wake. Ina jin haushin kaina har yanzu.

Lahadi, 20 ga Oktoba, ƙarfe biyar

Fiorenza ta kawo jaka. Sabuwa, shuɗiya, wai don kawai mu fara ware kayansa a hankali. Na sa ta a baranda, na zuba dankali a ciki.

"Mama, taurin kanki zai kashe ki."

"To ai kin huta, ba sai kin sayi jaka ta biyu ba."

Ta fashe da kuka. Ban so na faɗi haka ba. Yarinyar nan ba muguwa ba ce, tsoro take ji, ni ma na san da haka. Na riƙe ta, sai na ji ta sassauta hannunta ta ɓangaren hagu don kada ta matse ni.

Ba zai tafi ba.

Talata, 22 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na yamma

Yau ban je inda ake jirana ba. Na bar Oreste wurin maƙwabciyarmu Iolanda, na hau jirgin Lucca ni kaɗai, da hankici da 'yar kwalbar ruwa a jaka.

Ni ba ni da kunnen Oreste, ban taɓa yin ƙaryar ina da shi ba. Amma masu goge dutse muna da tamu dabarar. A jiƙa wurin, a jira. Fuskar dutsen za ta bushe ta koma fara, ruwan da ya shiga tsagun kuwa zai tsaya, ya fito baƙi siriri.

Na zauna a benci na kusan awa ɗaya ina jiran Baldo ya je shan kofinsa na sha ɗaya. Kowa a ƙasar nan yana da kofin sha ɗaya, ko gobara ake yi. Yana juya baya na tsallake igiyar. Tsallakewar ba wuya, durƙuson ne ya kusa gamawa da ni. Na shafa jiƙaƙƙen hankicin a idon sawun hagu, na zagaya har baya, na jira ina ƙirga numfashina.

Ya bushe. Fari tas. Na ce shi ke nan, Nedda, kin zama tsohuwar banza, Fiorenza ce da gaskiya.

Sai na leƙa ta ciki, wajen da ke fuskantar ɗayar ƙafar. Ga shi nan. Siriri kamar zaren ɗinki, ya taso daga dunduniya ya kewaye ƙashin ya ɓace a ƙarƙashin rigar.

"Maryamu Uwa! Ke kuma? Wai ku gidanku ba a haifar masu jin magana ne?"

Baldo ne, da kofi a hannu. Na ce, "Ajiye kofin nan ka zo ka durƙusa."

"Sinyora, aikina..."

"Aikinka gadin wannan ne ko gadin igiya? Durƙusa, ɗana, minti ɗaya ya rage ya bushe."

Ya durƙusa yana gunaguni, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya duba. Ya cire tabarau ya sake dubawa. Muna kallo layin ya dushe ya ɓace, dutsen ya koma kamar ba abin da ya taɓa samunsa.

Ya mayar da tabarau. Sannan ya ce, "Shekara goma sha tara ina ɗakin nan." Ya ɗaga ni tsaye, don ni kaɗai ba zan iya ba, ya zaunar da ni, ya ba ni kofinsa. Ya ce fuskata ta yi fari, ko ya kira wani? Na ce wanda zai kira shi ne mai gyaran kayan gidan, ba shugaba ba.

Laraba, 23 ga Oktoba, da safe

Waya sau uku jiya daga inda nake zuwa ran Talata, in ji Iolanda. Na ce ta ce musu na je ganin mara lafiya. Ban yi ƙarya ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba, ƙarfe takwas na yamma

Zan rubuta wannan a hankali, ina so ya zauna daidai.

Na sa masa farar riga da jaket ɗin bikin Fiorenza. Ita ma na kira ta, na ce ta ɗauki hutun rabin yini ta same mu a Lucca, in ba ta zo ba kada ta sake kawo mini jaka. Ta zo, ta cika ta yi fam.

Mai gyaran, Dakta Pardini, mace ce 'yar kimanin arba'in, da ƙurar dutse a farcenta. Ina ganin farcen hankalina ya kwanta. Ta kawo na'urarta a akwati, amma ba ta buɗe ba. Ta je gaban Oreste ta ce, "Maestro, an ce ka ji wani abu. Ka nuna mini?"

Rabon da a kira shi Maestro, wato babban gwani, tun da muka rufe shago. Na ga bayansa ya miƙe. Baldo da kansa ya kwance igiyar.

Sai ya tsaya. Ya kalli Dakta, ya kalli taga, ya fara laluben maɓallin rigarsa. Na san wannan kallon, ya tafi, ba ya ɗakin. Fiorenza ta kama hannuna ta ce, "Mama, ya isa, mu tafi gida." Wallahi na kusa yarda. Amma na durƙusa, na ƙwanƙwasa sawun dama da nawa zoben, yadda na ga yana yi shekara hamsin, da gangan na buga a karkace.

"A'a," ya ce. "Ba haka ba."

Ya ture hannuna kamar yadda yake ture na masu koyo. Ya buga dama, ɗakin ya amsa, ƙara mai tsabta. Ya buga hagu. Har Fiorenza da ba ta taɓa riƙe guduma ba ta ji bambancin, na gani a fuskarta. Ya hau sama da zoben kaɗan-kaɗan, yana bugawa yana sauraro, har tsakiyar ƙwauri, ya sa yatsa a wurin.

"Ƙarfe," ya ce. "An sa ƙarfe. Ya yi tsatsa, yana turawa. Kada ku ɗaga."

Dakta Pardini ta buɗe akwatinta. Minti arba'in tana aiki, mu muna benci. Da ta gama ta zauna a ƙasa ta dube shi. Ta ce akwai tsohon ƙarfe a ciki, wani ya yi gyara da shi tun zamanin kakanni bai rubuta a ko'ina ba, kuma ya tsaya daidai inda yatsan Maestro ya tsaya. Da an ɗaga ran Litinin, da a hannunsu zai rabu biyu.

Na ce, "To yanzu ina za ku kai shi?"

"Ba inda za shi, Sinyora. Irin wannan ba a motsa shi. A inda yake tsaye za mu kafa masa katako mu tallafe shi, mu yi aikin a nan."

Na juya na kalli Fiorenza. Allah ya sani na so in ce mata babanta ma haka yake. Tana ta share ido da bayan hannu.

Baldo ya raka mu har titi, wannan karon da hularsa a hannu. Ya saya wa Oreste burodin zabibi, ya ce, "Dattijo, ran nan na ɗauka sanƙona kake zagi." Oreste ya karɓa ya ce, "Na gode, Sinyora." Baldo ya yi dariya har da tari.

Juma'a, 25 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Na yi nasara, ya kamata in ji daɗi. Na ji, jiya. Yau da safe ya zuba kofi a cikin sukari.

Ina goge teburin ya kama hannuna. Na ɗauka tsoro ne ya taso masa. Ya jawo ni kusa, ya ɗora zoben a ƙashin wuyana na dama ya ƙwanƙwasa. Ya kasa kunne. Na ce, "Oreste, bar wasa, ina da aiki." Ya koma hagu, ƙasa kaɗan, daidai wurin. Sau uku. Ya sa kunnensa a ƙirjina ya daɗe.

Na san mutum ba dutse ba ne. Na san wataƙila ya ga yadda nake kare wurin in zan ɗaga tukunya, wata biyu ke nan. Duk na san wannan.

Ya ɗago ya ce, "Nedda. Akwai gashi."

Sunana ya kira.

Na zauna. Na ɗaga kwanon sukarin, na ciro takardar yardar a yi mini tiyata, duk ta jiƙe da kofi. Na sa hannu a inda suka yi alama, yana kallona.

Lahadi, 27 ga Oktoba, ƙarfe huɗu

Na gaya wa Fiorenza sharaɗina. Zan je, amma shi ba a motsa shi. Ita za ta dawo ɗakinta na da, mijinta ya koyi dafa taliya, bai yi tsufa da koyo ba. Iolanda da safe, ita da yamma. Ta buga wa sistoci ta ce su ba wani gadon.

"In kuma mako huɗun ya zama..." Ba ta ƙarasa ba.

"In ya zama, kya yi abin da kika ga ya dace, ba zan tashi in yi miki faɗa ba. Amma ba kafin nan ba."

Na rubuta mata komai. Kofi rabin cokalin sukari. Aski ran Laraba, daga hagu ake farawa. Jirgin tara da kwata ran Alhamis, ko ana ruwa, ta sa masa hula su tafi. Ta zubar da dankalina ta kawo mini shuɗiyar jakar, ta ce tunda dai an saya.

Litinin, 4 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

A asibiti sun ba ni gado kusa da taga. Babu zaitun, bangon wurin ajiye motoci ne. An ce ƙarfe ɗaya za su shiga da ni ɗakin tiyata.

Da safe ya sauko har ƙofar gida da silifas, Fiorenza tana riƙe da shi. Ban yi zaton ya gane abin da ake yi ba, yana ta kallon tayar motar. Surukina ya kama hannuna zai sa ni a kujera, da sauri, don ya tare hanya ana yi masa hon.

Sai muka ji muryar Oreste ta shago, wadda ake ji har ƙarshen layi.

"Kai! A hankali! Ka tallafo ta ƙasa!"

Surukina ya tallafo ni ta ƙasa. Masu hon suka jira.